Shirun Da Ba Na Tsoron Bulala Ba



Duk wanda ya zauna a aji a ƙasar nan ya san 'yar takardar nan da monita ke riƙewa idan malami ya fita, wato takardar masu surutu. Da an ga ya zaro biro yana ƙare wa aji kallo sai kowa ya kama bakinsa, domin an san abin da zai biyo baya, ko bulala, ko tsallen kwaɗo, ko sharar fili. Ta wannan hanya yawancinmu muka fara sanin shiru, a matsayin abin da ake tilasta wa mutum. Shi ya sa da an kaɗa ƙararrawar tashi sai mu ɓarke da ihu kamar an kwance awaki daga turke.

Yau ina so mu tattauna a kan wani shirun na daban, wanda mutum ke zaɓa don kansa, babu monita, babu bulala. Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, shekara 3 ke nan da na tashi daga bencin da kuke kai, saboda haka hira ce ta yaya da ƙannensa.

Ku ɗan lissafa ƙarar da kunnenku ke sha daga safiya zuwa dare. Injin niƙa na maƙwabta, hon ɗin 'yan adaidaita sahu, lasifikar mai tallar magani, janareta idan an ɗauke wuta, rediyon Baba, talabijin ɗin falo. Idan duk waɗannan suka lafa, sai mu zaro waya mu toshe kunne da iyafis, mu shiga TikTok ko WhatsApp har barci ya sace mu. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana kai wa kimanin desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke kewaye da ɗalibai a cikin aji ta wuce desibel 35 idan ana so su ji darasi sosai. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin samun matsalar ji saboda yadda suke ƙure sauti a kunne.

Ɓarnar ƙara ba ta tsaya a kunne ba, tana shiga har cikin karatu. A shekarar 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Arline Bronzaft ta yi bincike a wata makarantar firamare a birnin New York na Amurka. Ɓangare guda na makarantar yana fuskantar layin dogo, inda jirgin ƙasa ke wucewa kusan kowane minti 4 da rabi, ɗaya ɓangaren kuma babu wannan ƙara. Sai ta gano 'yan aji shida da ke gefen jirgin suna bayan takwarorinsu a iya karatu da kusan shekara guda. Da aka sanya roba a layin dogon, aka kuma gyara silin azuzuwan yadda zai rage ƙara, sai bambancin ya ɓace. Yaran ba daƙiƙai ba ne, ƙara ce ta yi musu sata.

To amma akwai wata hayaniyar da ta fi ta jirgin ƙasa, ita ce wadda ke cikin kan mutum. Sau da yawa ita muke gudu idan muka kunna waƙa ko muka buɗe waya. A shekarar 2014 wani farfesa mai suna Timothy Wilson na Jami'ar Virginia da abokan aikinsa sun sa mutane su zauna su kaɗai a ɗaki na minti 15, babu waya, babu littafi, sai tunaninsu. A ɗakin akwai wani maɓalli da idan ka danna wutar lantarki za ta ɗan ja ka. Dukkansu sun ɗanɗana zafin tun farko, har sun ce za su iya biyan kuɗi don kada a sake yi musu. Duk da haka maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 sun danna maɓallin da hannunsu. Wato sun gwammace wuta ta ja su a kan su zauna da abin da ke ransu. Lokacin da na karanta wannan ban yi musu dariya ba, domin na san irin zaman.

Ana saura wata 4 mu fara jarrabawar WAEC hawan jini ya kayar da mahaifina a shagonsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. Bayan an sallamo shi daga asibiti gidanmu ya koma kamar tasha. 'Yan dubiya suna shiga suna fita, kowa da tasa shawarar. Wannan ya ce a kai shi wurin mai magani a ƙauye kaza, wancan ya ce ai jifa ne, wata ta ce haka aka yi wa mijin ƙanwarta kuma bai yi wata biyu ba. Ni ne babban ɗa namiji, don haka wasu suka fara cewa in ajiye boko in riƙe shago, tunda ƙannena 5 ne kuma baki ba ya jira. A gabana ake faɗa, kamar ba na wurin.

Da dare sai in buɗe littafin kimiyyar sinadarai in karanta shafi ɗaya sau biyar, in rufe ban riƙe komai ba. In na kwanta zuciyata ta dinga bugawa kamar na yi gudu. Ba na iya barci sai da iyafis a kunne, domin da ɗaki ya yi tsit sai maganganun 'yan dubiyar nan su dawo ɗaya bayan ɗaya.

Kakata, wadda ta haifi Baba, ta zo daga ƙauye don taya Umma jinya. Al'adarta ce idan ta idar da sallar asuba ta gama laziminta, sai ta ajiye carbi ta zauna a kan dardumarta, ba ta cewa uffan har rana ta fito. Wata rana na dawo daga masallaci zan wuce ɗaki sai ta kira ni.

"Maigidana, zo nan. Kwana nawa ke nan ina jin juyinka a kan katifa?"

Na durƙusa na ce, "Hajiya, karatu ne ya yi yawa."

Ta ce, "Karatu ko tunani? Zauna nan kusa da ni."

Na zauna na ce, "Me zan karanta?"

"Ba komai. Ka dai zauna. Mu a ƙauye idan mun ɗebo ruwa a rafi da damina jawur yake zuwa. Ba ma zubar da shi, ba ma kuma motsa shi. A randa muke juyewa mu rufe, kafin azahar laka ta kwanta. Kai kuwa dare da rana cikin girgiza tulunka kake, yaushe za ka ga ruwan sha?"

Zaman ranar farko bai fi minti 10 ba, amma ji na yi kamar awa guda. Ƙafata ta yi sanyi, bayana ya dinga ƙaiƙayi, tunani kuma ya taso mini fiye da kullum. Ina gaya muku wannan ne don kada wani ya gwada rana ɗaya ya ce abin ba ya aiki. Hayaniyar dama tana nan a ciki, rashin abin da zai danne ta ne ya sa ka fara jin ta.

Na ci gaba da zama kusa da ita kowace asuba. Wajen mako na biyu na lura da wani abu. Damuwar da nake ji kamar dutse guda a ƙirji, ashe abu uku ne suka cure. Na farko, ko Baba zai tashi? Na biyu, wa zai biya mini kuɗin JAMB? Na uku, shin cire ni za a yi daga makaranta? Da suka rabu sai na ga kowanne da maganinsa. Na farko ba a hannuna yake ba, nawa shi ne addu'a da ba shi magani a kan lokaci da raka shi gashin ƙashi. Sauran biyun kuwa magana suke buƙata, kuma da mutum ɗaya. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na bi baffana gida, na gaishe shi, na ce, "Baffa, ina so a bar ni in rubuta jarrabawar nan. Wata 3 ya rage. In na gama zan zauna a shago har Baba ya samu sauƙi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce shi da yaron shago za su riƙe, kuɗin JAMB kuma in zo in karɓa ranar Litinin. Waɗannan jimloli uku da na faɗa masa, a zaman asuba na same su. Kafin nan ko an tambaye ni abin da ke damuna ba zan iya faɗa ba.

Akwai abu na biyu da zaman ya koya mini. 'Yan dubiya da yawa idan sun shiga wurin Baba sai su ɗaga murya kamar kurma ne, su jero masa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba, har ka ga hawaye a idonsa. Ni kuma da na saba da zama babu magana, sai na riƙa shiga bayan la'asar in zauna a gefen gadonsa in riƙe hannunsa na hagu. Ba na tambayarsa komai, shi ma ba ya wahalar da kansa neman kalma. Wani lokaci har barci ya ɗauke shi. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, a ɗakin nan na gane abin da suke nufi. Likitoci da masu gashin ƙashi sun yi aikinsu, Allah kuma Ya ba da sauƙi. Yanzu Baba yana takawa da sanda, yana magana a hankali. Ni kuma na rubuta jarrabawata, na samu abin da ya kai ni jami'a.

Daga baya na fahimci abin da Hajiya ta koya mini tsohon abu ne a duniya. Kafin a aiko Manzon Allah (SAW) yana keɓewa a kogon Hira da ke kan dutsen Nur kusa da Makka, yana kwanaki shi kaɗai, kuma a can wahayi ya fara sauko masa yana da shekara 40. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Zakariyya (AS), wanda aka sanya masa rashin magana da mutane na kwana 3 a matsayin alama, da labarin Nana Maryam da ta kame daga magana ranar da ta dawo wa mutanenta da jariri. I'itikafin da ake shiga a goman ƙarshe na Ramadan shi ma janyewa ne daga hayaniyar kasuwa da majalisa. Imam Gazali yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza ya ajiye muƙaminsa a shekarar 1095, ya yi kimanin shekara 10 a keɓe, a Dimashƙa da Ƙudus da sauran wurare. A wannan tsakanin ya rubuta Ihya'u Ulumiddini, wanda a cikinsa ya ware babi guda a kan illolin harshe. Sai dai malamanmu sun koyar da mu cewa ƙin magana yini guda cur ba ibada ba ne a Musulunci. Abin da ake so shi ne kame baki daga abin da ba shi da amfani, da samun lokacin tafakkuri.

'Yan uwanmu Kirista sun san labarin kwana 40 da Linjila ta ce Yesu ya yi a jeji shi kaɗai, kuma har yau akwai gidajen ibada a Turai da Afirka da mazaunansu ke taƙaita magana ƙwarai. A Indiya akwai cibiyoyin da ake koyar da wani salon natsuwa mai suna Vipassana, inda mutum ke miƙa wayarsa a ƙofa, ya yi kwana 10 ana tashinsa ƙarfe 4 na asuba, kuma kusan duk kwanakin ba ya hira da abokan zamansa. Aƙidun sun bambanta nesa ba kusa ba, amma duk sun lura cewa zuciya ba ta jin kanta a cikin hayaniya.

Masu son kimiyya a cikinku za su tambaya, me ke faruwa a jiki? Ga gwajin da za ku iya yi yanzu. Ku ɗora yatsu biyu a kan jijiyar wuyan hannu, ku ja numfashi a hankali, sannan ku sake shi a hankali. Za ku iya jin bugun yana ɗan ƙaruwa idan kuna ja, yana ɗan raguwa idan kuna saki. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangaro zuwa zuciya da ciki, aikinta kamar birki ne, kuma ta fi kama aiki lokacin fitar da numfashi. Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Idan ka zauna shiru ka rage shi, ka tsawaita fitarwa, kana taka wa zuciyarka birki ke nan. Wannan zai yi muku amfani a ɗakin jarrabawa, a 'yan mintunan nan da ake raba takardu hannu yana rawa.

Ga kuma wani amfanin ga mai hadda. A shekarar 2012 Michaela Dewar da abokan aikinta a Jami'ar Edinburgh sun karanta wa wasu dattawa gajerun labarai. Bayan wani labarin sai a bar su su huta minti 10 a ɗaki mai duhu babu hayaniya, bayan wani kuma sai a ba su wasan gano bambancin hotuna a kwamfuta. Da aka tambaye su bayan mako guda, sun fi tuna labarin da suka huta bayansa. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar ɗan lokaci ta adana sabon abu, kamar yadda tawada ke buƙatar ta bushe a allo kafin a taɓa. Saboda haka idan ka gama haddace wani darasi, kada ka zaro waya nan take. Rufe littafin, ka zauna minti 10 tukuna.

A nan dole in ja hankalinku, domin ba kowane shiru ne alheri ba. Mu Hausawa muna da shiru iri-iri. Akwai na kunya, irin na Hajiya da ban taɓa jin ta kira sunan Baba ba saboda ɗan fari ne. Akwai na gaba, inda ƙawaye biyu za su yi zango guda a aji ɗaya ba sa ga-maciji, kowacce tana jiran ɗaya ta fara gaisuwa. Wannan ba natsuwa a cikinsa, baki ne a rufe zuciya tana ta zage-zage. Akwai na zurfin ciki, inda abu ke cin mutum amma ko an tambaye shi sai ya ce lafiya lau. Akwai kuma na tsoro, wanda ya fi duka haɗari. Idan wani babba, ko malami ne ko siniya ko ɗan uwa ko maƙwabci, yana taɓa ki ko yana taɓa ka ta hanyar da ba ta dace ba, ya kuma ce kada a gaya wa kowa, wannan shirun shi yake yi wa aiki. A faɗa wa uwa, ko uba, ko malamar da aka yarda da ita, in ba a saurara ba a faɗa wa wani. Haka nan idan baƙin ciki ya kai makonni ba ya tafiya, barci da abinci sun gagara, ko tunanin cutar da kai yana zuwa, zaman shiru kaɗai ba zai wadatar ba, a gaya wa babba a je asibiti. Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce. Shirun kirki idan ka tashi daga gare shi ƙirjinka ya fi sauƙi, ka kuma fi sanin abin da za ka faɗa. Wanda ke ƙara maka nauyi kullum, wannan ciwo ne.

Wani zai ce, Yaya, mu gidan haya muke, mu takwas a ɗaki, ina za mu samu shiru? Ni ma a ɗakin kwanan jami'a muna da yawa, kuma ba a rasa mai kunna waƙa. Abin da na koya shi ne kowane gida da kowace makaranta suna da lokacin da suke yin tsit, sai dai mutum ya neme shi. A yawancin unguwanni tsakanin sallar asuba da fitowar rana ne, kafin masu niƙa su tayar da inji. A makarantar kwana akwai 'yan mintunan bayan an kashe fitila, akwai masallaci ko coci bayan jama'a sun watse, akwai gindin bishiyar bayan aji a lokacin tara. Mata da ke tashi da aikin gida suna iya samun nasu bayan an ɗora tukunya ana jiran ruwa ya tafasa.

In ka samu lokacin, fara da minti 5. Ajiye waya inda hannunka ba zai kai ba, domin in tana kusa ita za ta yi nasara. Zauna yadda bayanka zai miƙe, ka runtse ido ko ka kalli ƙasa. Ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida. Tunani zai zo, na bashin da ake bin ka, na maganar da wani ya yaɓa maka jiya, na lissafin da ba ka gane ba. Kada ka yi kokawa da shi, kada kuma ka bi shi. Ka lura ya zo, ka koma ga numfashinka, ko ga zikirin da kake yi a zuci. In ya dawo sau ashirin, ka koma sau ashirin, wannan komawar ita ce aikin. Wanda ya fi naci a cikin tunane-tunanen, in ka tashi ka rubuta shi a bayan littafinka, ka tambayi kanka: wannan a hannuna yake ko a hannun wani? In a hannunka yake, me za ka yi a kai yau? In a hannun wani yake, wa za ka samu ka yi wa magana?

A aji ma gwada wani abu. Idan aka tsokane ka, ja numfashi uku kafin ka ba da amsa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma faɗa da yawa da suka kai ɗalibai ofishin shugaban makaranta da numfashi uku sun kashe su. Wasu za su ce ka ji tsoro. Bar su, shiru-shiru ba tsoro ba ne.

Ga aikin gida daga yayanku, babu maki kuma babu bulala. Daga gobe zuwa fitowar jarida ta mako mai zuwa, ku ware minti 5 kowace rana, a lokaci ɗaya, a wuri ɗaya. Kwana uku na farko za su yi wuya, ku daure. Masu shirin WAEC da NECO da JAMB, Allah Ya ba ku natsuwa da sa'a. Masu jinya a gida, Allah Ya ba marasa lafiyarku sauƙi. Sai mun sake haɗuwa.